Ranar da Aka Zo Mana Ta'aziyya Babu Wanda Ya Mutu

Matso kusa 'yar'uwa, kai ma ɗan'uwa gyara zama, akwai maganar da na daɗe ina juyawa a ciki, ta ƙi wucewa ta kuma ƙi zama. Labarin jinyar uwar mijina ne. In kana da tsoho a gida, ka karanta har ƙarshe.

Sunana Talatu, a Ƙofar Wambai nake aure. Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal. Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, tare muke zaune tun ranar da aka kawo ni gidan, har na aurar da 'ya ba ta daina ce mini Amarya ba. Inna 'yar Gerawa ce, daga wani ƙauye can bayan gari aka auro ta. 'Ya'yanta duk da Hausa suka tashi. Maigida gaisuwa kawai ya iya da Geranci, sai zagi guda biyu. An ce a zamaninta ba a biki a ƙauyensu sai da muryarta, amma tun da ta dawo daga Makka ta ce ta ajiye waƙa. Ni dai ban taɓa jin ta ba, ko a bakin murhu.

Sai kuma Malam Sabo, malamin ƙaramin asibitin unguwarmu. Ba likita ba ne, amma kowa Likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shi ma jinin Gerawa ne, sai dai tashin birni. Yana da wata ƙungiya ta raya al'adun iyaye, yana bin tsofaffi da waya yana naɗar tatsuniya da waƙa, yana juyewa a littafi. A shekarar kuma yana neman kansila. Sau uku yana zuwa wajen Inna tana lafiya, sau uku tana sallamarsa da magana ɗaya: "Ɗan nan, na tuba. Ka nemi wadda ba ta je ba."

Wata Laraba da hantsi tana tsince shinkafa a tsakar gida, sai faifan ya suɓuce mata. Na ce, "Inna, yau kaji za su sa miki albarka." Ba ta amsa ba. Da na waiwaya sai na ga bakinta ya karkace, hannun dama ya saki kamar ba nata ba. Na kira maigida, waya ta ƙi shiga. Maƙwabciyata ce ta kira Malam Sabo.

Zan faɗi gaskiya don Allah yana gani. Kafin in gama ɗaura mata ɗankwali mutumin nan ya iso. Na ɗebo ruwa zan ba ta, ya riƙe kofin ya ce, "Ko ɗigo kada ki ba ta, ko na rubutu ne, shaƙe ta zai yi." Shi ya tsayar da keke mai ƙafa uku, shi ya tallabe ta. A babban asibiti layin masu yankar kati ya kai har bakin ƙofa, shi kuwa ya shiga nan ya fita can, sai ga gado. Ba don shi ba, da a kan benci za mu wuni.

Amma akwai abin da idona ya gani. Muna sauka daga keke ya zaro hular jam'iyyarsu daga aljihu ya kafa. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ɗaga murya, "Uwarmu ce na kawo, a sa mu a addu'a." Na ce a raina, to, yaushe ta zama uwarku? Sai na yi istigfari, na ce Talatu, ba ki da godiya.

Kwana tara muka yi. Tabarma a baranda, kwanon abinci a kulle saboda ƙuda, yau a ce hoton kai, gobe a ce awon jini, jibi a ce mai hoton bai zo ba. Hatsin da maigida ya ɓoye don damina duk can ya tafi, ba na son tuna wannan. Likitar da ta duba ta, wata mace 'yar siririya mai tabarau, ta ce hawan jini ne ya daɗe yana aiki ba mu sani ba, har ya taɓa wata jijiya a kai. Ta ɗaga ƙwayar ta ce, "Wannan ba ta hutu. Ranar da kuka ga kamar ta warke, ranar ta fi bukatarta." Na ji, na kuma gyaɗa kai. Malam Sabo ya karɓi katin da takardar maganin ya ce zai riƙe, kada su ɓace mana. Muka yi ta godiya.

Muka dawo gida da Inna babu magana. Sai ta buɗe baki, ta yi ta kokawa, abin da zai fito "ba, ba", sai hawaye. Lokacin salla ta kan riƙe carbi da hagu, leɓe na rawa, babu abin da ke fita. Babban ɗanta, Yaya Malam Hudu, wanda ke limanci a unguwar Ɗan Iya, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Hannu da ƙafa ba su dame ni ba. Tsorona kada ajali ya zo bakin nan yana rufe." Tun daga ranar wannan tsoron ya zama na kowa a gidan.

Masu dubiya kuwa, kowa da asibitinsa a baki. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, a yi hayaƙi. Waccan ta ce a shafa man shanu da tafarnuwa a harshe. Wata ta ja ni gefe ta ce in bincika, wa Inna ta yi wa gori kwanan nan? Muka yi na yi, muka bar na bari. Ranar Talata mu kai ta ɗakin gashi a miƙar mata da hannu. Litinin da Alhamis Malam Sabo ya zo da abin awonsa, ya kawo ƙwayoyi a 'yar ambulan fara, bai taɓa karɓar ko kwabo ba.

A mako na uku abin ya faru. Yana matsa abin awon a damtsenta yana ɗan gunguni a hanci, wani amo da ban sani ba. Sai na ji wata murya ta karɓa. Na duba ƙofa, na ɗauka baƙuwa ce. Ashe Inna ce. Matar da ba ta iya cewa ruwa, ga ta tana jero Geranci tiryan-tiryan, murya sak, babu gargada. Muciyar da ke hannuna ta faɗi. Na yi kuka, na yi hamdala.

Shi kuwa Malam Sabo, ko abin awon bai kwance mata ba ya zaro waya ya danna. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Da Yaya Malam ya ji, ya zo ransa a ɓace. Suka haɗu a zaure, ina jin su ta bayan ƙyaure.

"Likita, matar da ta tuba a gaban Ɗakin Allah, ita za ka mayar zabiya a kan gadon ciwo?"

"Malam, Allah ya gafarta, wurin waƙa daban, wurin magana daban a cikin kai. Na maganar ne ya rufe. Ta wannan ƙofar za mu bi mu buɗe waccan."

"A wane littafi?"

"A namu, Malam. Ku ma ai kuna da naku."

Ni ban yarda da shi kai tsaye ba. Ranar gashi na tambayi matar da ke miƙar mata da hannu. Ta ce, "Ku bar ta ta yi, yana taimakon wasu." To ka ji. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Amma wayar fa? Ranar Alhamis na ce masa, "Likita, yanzu awon jini har da waya ake yi?"

Ya yi dariya. "Hajiya Talatu, ke da kin yi nisa a boko da mun shiga uku a kotu. Don in riƙa gwada na jiya da na yau ne, in ga ci gaba."

Ya faɗi haka yatsunsa na kan jijiyar hannun Inna, bai ko ɗago ba ya ƙara da, "Matan gidan nan dai duk kuna da katin zaɓe ko?"

Ci gaban kuwa an gani, ba zan ɓoye ba. Sai ya ja waƙa, ta bi, ya tsaya a tsakiya ya nuna mata kofi. A mako na biyar ta ce "ruwa". Bayan kwana biyu ina shara ta ce, "A... mar... ya." Na zauna a ƙasa daɓas da tsintsiyar. Ni kuma duk zaman da suke yi ina bakin ƙofa ina tankaɗe, waƙoƙin suna shiga kunnena suna zama, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Akwai guda ɗaya da ta fita daban. Ita kaɗai ta fara ta, ba shi ya ja ba, ranar da aka yi rasuwa a maƙwabta tana jin koke-koke ta katanga. A hankali take, mai nauyi, idonta a rufe, hawaye na bin kunnenta. Da ta gama ta ga wayar, sai ta ɗaga hannun hagu tana kaɗawa. Malam Sabo ya ce, "Ta gaji, a bar ta ta huta," ya sa wayar a aljihu. Ni na san kaɗa hannun Inna. Ba na gajiya ba ne, na a'a ne. Na yi shiru saboda kunyar ƙwayar da yake kawowa. Wannan laifina ne na farko.

Mako na bakwai, ranar Asabar, ina wanke-wanke wajen ƙarfe goma, sai na ji mota ta tsaya. Tsofaffin mata shida suka shigo a jere, lulluɓe, kowa da ƙwaryar hatsi a ka, suna salati suna share ido. Ta gaban ta kama hannuna ta ce, "Ke ce matar Isuhu? Sai haƙuri, 'yata. Ashe lokaci ya yi."

Isuhu sunan maigidana ne. Da safen nan ya sha kunu ya fita.

Ban san lokacin da na zube a cikin ruwan wanke-wanke ba. Na lalubo waya na kira. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai na ji, "Lafiya? Ina auna wa mutum gero, ki yi sauri."

Na ce, "Kana da rai?"

Ya ce, "Talatu, kin fara shan maganin Inna ne?"

Sai da aka zauna aka sha ruwa sannan ta gaban, Gwaggo Dije, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta warware mana. Jiya ranar kasuwar ƙauyensu wata mota mai lasifika ta shigo, an manne ta da hotuna, tana zagaye. Sai suka ji muryar Inna. "Muryar Gambo ko daga cikin rijiya ta fito na san ta," in ji ta, Gambo kuwa shi ne sunan Inna. Waƙar da ke tashi kuwa, a wajensu uwa ba ta yin ta sai ranar da za a fitar da gawar ɗanta namiji daga gida. Tun daga farko har ƙarshe yabon namiji ne, ƙarfinsa, kyautarsa, gidan da ya fito. Wanda ya san yaren bai san al'adar ba, kirari zai ɗauka. Su kuwa ba su karanta hotunan ba balle su san motar neman ƙuri'ar Malam Sabo ce, suka ce sanarwa ce irin ta zamani. Sun san Malam Hudu ya je wa'azi garinsu kwana uku da suka wuce, to saura wa? Suka kwana suna kuka, suka haɗa hatsin sadaka, suka shigo motar farko.

Maƙwabta suka cika gidan, wasu na dariya har da riƙe ciki. Ni ma da ba ni ba ce da na yi. Amma da na leƙa ɗaki, Inna ta ji komai. Ta rufe fuska da hannun hagu ta juya bango. Matar da ta tuba, an yi yawo da muryarta kasuwa-kasuwa tana yi wa ɗanta mai rai waƙar gawa. Kwana biyu ba ta karɓi abinci ba. Ruwan da ta koya, da Amaryar, duk suka koma inda suka fito.

Ranar Litinin Malam Sabo ya yi sallama. Ban bari ya wuce zaure ba.

"Hajiya, wallahi tallahi ban sani ba. Ni kalmomin na ji, yabo ne zalla. Na ce mutanenmu su ji yarensu a lasifika sau ɗaya, su san ba mu mutu ba."

"Ka tambaye ta?"

"Ai ba ta magana."

"Ta ɗaga maka hannu, Likita. Ina wurin."

Sai ya miƙo ambulan ɗin ƙwayoyi ta gefen ƙyaure. Na ce ya tafi da abinsa, gidan nan ba a sayen murya da ƙwaya. Na ji daɗin maganar a bakina ranar. Wannan laifina ne na biyu, kuma shi ne babba.

Don bayan kwana huɗu ƙwayar ta ƙare. Maigida ya ce zai sayo a kemis, sai muka duba muka ga ba mu san sunanta ba. Kati yana wajen Malam Sabo, takarda tana wajensa, ƙwayar kuma kullum a ɓare yake kawo ta cikin ambulan babu rubutu. Fara ce ƙarama, da wata mai ruwan ƙasa, iyakar saninmu ke nan. Da gangan ya yi don kada mu iya sai da shi, ko kuwa sauƙi ya nufa mana? Har yau ban sani ba. Maigida ya ce a aika a karɓo, na ce in dai ina gidan nan ba za a roƙe shi ba. Matar Yaya Malam ta ce zoɓo marar sukari da tafarnuwa sun fi kowace ƙwaya saukar da jini. Na so in yarda, sai na yarda. Maganar likita mai tabarau tana kunnena, na danne ta.

Kwana goma sha biyu muka ɗauka a haka. A na sha uku, da azahar, ƙafar daman da ta fara takawa ta sake saki.

Wannan karon babu mai shiga nan ya fita can. Muka bi layi tun daga bakin ƙofa, Inna a kan cinyata, aka ce sai mun yanki sabon kati. Da muka samu shiga, likitar nan ce. Ta auna, ta cire tabarau ta ce, "Wa ya ce ku tsayar?"

Na ce, "Ni ce."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rubuta sunan ƙwayar da manyan baƙaƙe ta sa a tafin hannuna ta naɗe yatsuna a kai. Don haka kai mai jinya, ko ɗan uwarka ne likitan, riƙe katinka, riƙe takardarka, ka san sunan abin da kake ba marar lafiyarka. In kuma za ka kori mutum, kore shi, amma ka karɓi maganin tukuna.

Gwaggo Dije ba ta koma tare da sauran ba, ta ce ba ta zo ta'aziyya a banza ba, za ta tsaya jinya. Ita ba ta lallashi. Sai ta zauna bakin gado ta yi ta yi wa Inna faɗa da Geranci, ta tsokane ta, ta ja waƙar niƙa tana dukan cinyarta. Mako biyu Inna na kallon bango. Ran nan Gwaggo ta manta wani baiti ta tsaya tana lalube, sai na ji kaina na ƙarasa mata daga bakin ƙofa. Su biyun suka juyo. Inna ta dube ni, gefen bakinta mai rai ya motsa, ta sake faɗin baitin yadda ya kamata, don ashe na karkatar da shi.

Da kaka ta yi Gwaggo ta tafi girbi, aikin ya dawo kaina. In rufe ƙofa, in ajiye waya a madafa, in ja, ta bi. Wata rana Yaya Malam ya shigo ba mu ji sallamarsa ba. Ya tsaya, na ce yau kashina ya bushe. Sai kawai ya ce, "A rage murya." Washegari ya dawo ya zauna a gabanta, ya fara jan kalmar shahada a hankali, da irin jan da ake yi wa masu koyon karatu, yana maimaitawa. A kwana na biyar ta bi shi har ƙarshe. Babban mutum, limami, ya kifa kai a gefen gado yana kuka kamar an yaye shi.

Maganar ba ta dawo duka ba, amma ta dawo daidai bukata. Ta kan ce kunu ya yi tsami, ta kan sa albarka. Na taɓa tambayarta, "Inna, kin yafe wa Likita?" Ta daɗe tana tauna bakinta, sannan ta ce, "Ya iya awo." Ta nemi a gyara mata matashi. Ban sake samun wata amsa ba.

Wata huɗu bayan nan, ranar Lahadi bayan la'asar, Allah ya karɓi abarsa. 'Ya'yanta biyu na gefenta, ni ina riƙe da ƙafarta. Yaya Malam ya ja, ta bi, ba ta bar ko harafi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Malam Sabo ya zo gaisuwa ranar uku, lokacin ya riga ya zama kansila. An ce tun ranar da abin ya faru ya cire waƙar daga motar, ya je ƙauyen da kansa ya durƙusa gaban tsofaffi ya ba da haƙuri. An kuma ce ƙauyen kaf shi suka zaɓa, wai ko ba komai shi ne ya fara sa yarensu a lasifika. Ya ba maigida ɗan memorin waya mai muryar Inna, ya ce waccan guda ɗayan ya goge ta. Ni dai ban ga lokacin da ya goge ba.

Bayan sadakar arba'in ya aiko matarsa da turmin atamfa. Wai ya ji labarin waƙoƙin Inna suna bakina, har da waɗanda bai samu naɗa ba. Wai yana haɗa littafi don 'ya'yan Gerawa masu tasowa, in daure in rera masa ya rubuta, da sunan Inna a kai. Na mayar da atamfar, na ce zan yi shawara.

Shawarar ce har yau ban gama ba. Gwaggo Dije tana kwance, an ce ba ta gane mutane. A unguwar nan babu mai jin abin da waƙoƙin ke cewa sai shi, shi ɗin ma rabi ya sani. Ni suna nan a kaina, ina wanki suna fitowa da kansu, ban san ta biki ba, ban san ta makoki ba in ban da waccan ɗayar. In na yi shiru, da ni za a binne su. In na buɗe baki, zaɓe na sake zuwa, motar nan kuma tana nan an ajiye ta a ƙofar gidansa, lasifikar ko kwance ta ba a yi ba.

Kai da ka saurare ni har nan, tsakaninka da Allah, in kai ne ni, za ka rera masa?